Wai libcurl tsohuwa ce?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi raina a ɓace yake. Mun fara sabuwar manhaja da C++, aikinta ta ɗauko bayanai daga sabar ta HTTPS, ita ma kuma ta buɗe ƙofa wasu na'urori su riƙa haɗuwa da ita ta WebSocket, wato hanyar da ke barin layi a buɗe ana musayar saƙo ta kowane ɓangare. Na kawo shawarar mu ɗauki Boost.Asio tare da Beast, laburaren C++ na sadarwar intanet, ogana ko saurarona bai yi ba, ya ce libcurl za a sa, wato laburaren curl da aka rubuta da C don ɗauko bayanai daga sabar, don ita ya sani. Kwana huɗu na yi ina rubuta masa dalilaina, ya ajiye takardar a gefe. Ni dai ban ga hikimar ɗora sabon aiki a kan tsohuwar laburare ba. Ku faɗa min gaskiya, ni ne ban fahimta ba?

Malam Mai C: Wa alaikumus salam. Ƙanena, janye kalmar nan tukuna. Tsohuwa? Abin da har yau Daniel Stenberg, wanda ya ƙirƙiro curl, da jama'arsa ke fitar da sabon bugu kusan duk bayan mako takwas? A Maris na 2023 aka fitar da curl 8.0, ranar da ta cika shekara 25. Tana cikin Windows tun 2018, tana cikin wayoyi da motoci da talabijin. Abin da aka yar aka manta da shi ne tsoho.

Mai Rust: Malam, da bakinka ka faɗi shekara 25. Abin da aka haifa a 1998 ai tsoho ne, ko ana masa sabon ɗinki kullum.

Malam Mai C: To Asio ɗin da yake so fa? A 2008 ta shiga Boost, kuma kafin nan Christopher Kohlhoff ya daɗe yana rubuta ta. Ita ba ta tsufa ba kenan?

Ɗan Auta: Malam, ba shekaru nake nufi ba, salon aikin nake nufi.

Malam Mai C: Da sai ka ce salo. Tsohuwa ka rubuta, kowa ya gani.

Hajiya Injiniya: Ku tsaya mana. Ɗan Auta ya ce manhajar za ta karɓi haɗi daga waje. libcurl mai zuwa ta nemo ce kawai, ba ta zama ta saurari masu shigowa. Ko WebSocket ɗin da aka ƙara mata a 2022, na ɓangaren mai nema ne. Don haka ko an sa ta, dole a nemo wata don ɓangaren sabar. Wannan ya kamata a nuna wa ogan, magana ta ƙare.

Mai Rust: Hajiya, da gaskiyarki, amma tushen matsalar C ce. Ku tuna Oktoba na 2023, kafar tsaron da aka gano a ɓangaren SOCKS5 na curl, wanda ke bi ta sabar tsaka-tsaki, sai da aka fitar da 8.4.0 don toshe ta. Ambaliyar ma'adana ce, wato bayanai su zarce wurin da aka ware musu, cutar da C ta saba haifarwa. Kafar Heartbleed da aka gano a laburaren tsaro na OpenSSL a 2014 ma 'yar gidan ce. A yaren Rust mai harhaɗa kod ɗin ba zai bari ka taka wannan ramin ba.

Baban Java: Kafar da aka gano a Log4j, laburaren Java, a Disamba 2021 fa? Babu C a cikinta, amma sai da duniya ta kwana ba barci. Ku daina ɗora wa yare laifin mutane.

Mai Rust: Wa ya kira Java a nan?

Baban Java: Kai wa ya kira Rust? Ai C++ yaron ya ce.

Ɗan Auta: Baba, don Allah a daina ce min yaro. Shekarata shida ina wannan aiki.

Baban Java: Ka yi haƙuri ɗana, ba raini ba ne. Amma shekara shida ai ko bugu uku na C++ ba ka gani ba.

Malam Mai C: Mai Rust, tunda ka kawo zancen, ka san curl ta gwada sa hyper, laburaren HTTP da aka rubuta da Rust, a ƙarƙashinta? Shekaru ana fama, a ƙarshen 2024 aka cire ta saboda babu masu ɗaukar nauyin aikin. Ina ku masu yawan magana kuke lokacin?

Mai Rust: Rashin hannu ne ya kayar da ita, ba rashin inganci ba. Kuma ni ban taɓa cewa a zubar da curl ba. Cewa na yi tsohuwa ce, kuma ina nan a kan bakana.

Malam Mai C: Dattijuwa za ka ce, in kana da ladabi.

Hajiya Injiniya: Na sake faɗa, libcurl ba ta yin aikin sabar. Laburaren da za su iya suna nan: ga Beast, ga POCO, ga libuv in ana son a gina daga ƙasa. Ko lasisi ba wanda ya tambaya, ko wa zai riƙe kod ɗin in Ɗan Auta ya bar aikin.

Baban Java: Hajiya, Beast ɗin nan in ta yi maka kuskuren harhaɗawa, sai ka karanta shafi uku kafin ka gane inda ka ɓata. Na gani da idona a wurin wani abokin aiki.

Ɗan Auta: Sau ɗaya ka gani, Baba. Ni kullum da ita nake aiki.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Abin da aka cimma shi ne libcurl ba tsohuwa ba ce, gogaggiya ce, kamar yadda Malam ya kawo hujjoji masu ƙarfi da shekaru. Ni kaina shekara goma ina aiki da ita, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Batun Rust da Java ba wurinsa ba ne. Hajiya ta taɓo wani ɗan bayani a kan sabar, wanda za a iya dubawa daga baya. Ɗan Auta, shawarata ka bi ogan naka, ya riga ka ganin aiki.

Mai Rust: Ranka ya daɗe, wa ya cimma? Ni ban yarda ba.

Hajiya Injiniya: Shugaba, abin da ka kira ɗan bayani shi ne rabin manhajar.

Ɗan Auta: Hajiya, gobe da safe zan shiga wurinsa. In na ce masa libcurl ta riƙe ɓangaren HTTPS, Beast ta riƙe WebSocket, haɗa biyun a manhaja ɗaya zai ba mu wahala?