Shin Girkawan da ma duban wata suke yi?

Malamar Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum. Daren jiya muna tsakar gida muna neman jinjirin wata, sai 'yata ta ce wai malaminsu ya ce Girkawan da ma haka suke yi. Na kasa ba ta amsa, abin ya tsaya mini a rai. Don Allah masana, gaskiya ne?

Dattijon Jekadafari:
Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne. Da sabon wata suke fara ƙirga, kwana 29 ko 30, wata 12 ya ba su kwana 354. Inda muka rabu da su, mu a Hijiriyya ba ma ƙari, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu. Su kuwa lokaci-lokaci sukan cusa wata na 13 don bukukuwansu kada su kauce wa lokacinsu. Wani masanin taurari a birnin Atina na ƙasar Girka, Meton, ya lissafa a 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cewa shekara 19 ta lissafin rana daidai take da wata 235.

Ɗan Kumo:
Baba, a ƙara da cewa kowane gari da kalandarsa da sunayen watanninsa. A Atina da sunan mai riƙe da sarauta ake kiran shekara, kamar yadda kakata ke cewa "zamanin sarki wane".

Manomin Dadin Kowa:
Ni abin da ya burge ni, manomansu taurarin nan kaza da 'ya'yanta suke duba kafin huɗa da girbi.

Malamar Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Yau da daddare zan nuna mata kazar.