Shawarwarin da suka fito daga tattaunawa kan kumbon Aditya-L1

An yi wata tattaunawa da ta fi karkata ga yadda za a amfana da bayanan Aditya-L1, kumbon da hukumar binciken sararin samaniya ta Indiya, ISRO, ta harba ranar 2 ga Satumba, 2023, wanda ya isa mazauninsa a Janairun 2024, kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya, inda yake kallon rana dare da rana ba tare da wata ko duniya sun tare masa gani ba.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a bambance walƙiyar rana da guguwarta. Hasken walƙiyar yana iso mana cikin minti takwas, don haka babu damar gargaɗi kafin ya dagula sadarwar rediyo mai gajeren zango. Amma guguwar, wato curin iskar da rana ke amayarwa, takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku a hanya, kuma a wannan tazara ce kamfanonin lantarki ya kamata su rage wa manyan taransifomominsu nauyi. An kafa hujja da lardin Kebek na Kanada, wanda ya shafe awa tara babu wuta sakamakon guguwar rana a Maris na 1989.

An kuma shawarci masu dogaro da GPS, tsarin gano wuri ta tauraron ɗan Adam, su tanadi wata hanyar, domin guguwar rana ta Mayun 2024 ta sa taraktocin manoman Amurka sun kauce layi ana tsakiyar shuka. Wasu sun kawo batun lafiyar mutane a ƙasa, sai dai a ganina hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba, tunda iskar da ke lulluɓe da duniya da maganaɗisunta suna tare mafi yawan tururi mai cutarwa da rana ke fitarwa.