Rangadin Michael Jackson: sau nawa ya zaga duniya, kuma ya taɓa wasa a Afirka?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san tarihin rangadin wasannin Michael Jackson ya raba min gardama. Wasu na cewa ya zaga duniya ya fi sau goma, wasu na cewa uku ne kacal. Wanne ne daidai? In ukun ne, me ya tsayar da mai irin wannan suna a uku? Kuma da gaske ya taɓa wasa a Legas?

Malam Faifai:
Wa alaikumus salam. Uku ne, in dai wanda ya yi shi kaɗai ake nufi. Masu cewa goma suna haɗawa ne da waɗanda ya yi tare da 'yan uwansa tun yana yaro, har zuwa rangadin Victory na 1984.

Na farko shi ne Bad. Ya fara a Tokyo ranar 12 ga Satumba 1987, ya rufe a Los Angeles ranar 27 ga Janairu 1989. Wasa 123 a ƙasashe 15, 'yan kallo wajen miliyan 4.4, kuɗin shiga kusan dala miliyan 125. A nan ne ya cika filin Wembley na Landan har sau bakwai a 1988, mutum 504,000 jimilla. Na biyu Dangerous, daga Munich ranar 27 ga Yuni 1992 zuwa birnin Meziko ranar 11 ga Nuwamba 1993, wasa 69, kuma bai kai ƙarshensa ba. Na uku HIStory, daga Prague ranar 7 ga Satumba 1996 zuwa Durban ranar 15 ga Oktoba 1997, wasa 82 a ƙasashe 35, mutum miliyan 4.5, dala miliyan 165.

Ka duba wani abu: HIStory ya gaza Bad da wasa 41 amma ya fi shi jama'a. In ka raba, kowane wasan Bad ya tashi mutum wajen 36,000, na HIStory kuwa wajen 55,000. Dalili shi ne ɓangaren Amurka na Bad a rufaffun zauruka aka yi shi, irin su Madison Square Garden, waɗanda galibinsu ba sa wuce mutum dubu ashirin. HIStory kuwa kusan duka a manyan filayen ƙwallo aka yi. Kuma Bad ne kaɗai ya ratsa Amurka. A HIStory wasa biyu kawai ya yi a Amurka, a jihar Hawaii, a Janairun 1997.

'Yar Damagaram:
Yaya Ɗan Fagge, batun Legas babu shi. Cikin rangadin nan uku ba wanda ya biyo ta Najeriya. Wasansa na farko a Afirka shi kaɗai a Tunis ne, filin El Menzah, 7 ga Oktoba 1996. Sai Afirka ta Kudu a Oktoban 1997: biyu a Cape Town, biyu a Johannesburg, ɗaya a Durban. Shi ke nan, shida.

Abin da ke ruɗa mutane ziyara ce. A Fabrairun 1992 ya je Gabon da Kodebuwa da Tanzaniya, har aka yi masa naɗin sarauta a ƙauyen Krindjabo na Kodebuwa, amma bai hau dandamali ba. Kafin nan kuma, a 1974, ya zo Dakar tare da 'yan uwansa na Jackson 5.

Baban Lasifika:
A kan me ya sa uku kawai, a fara duba nauyin wasan kansa. Ba mawaƙi ne da zai tsaya wuri ɗaya da makirufo ba. Awa biyu ake yi ana rawa ana waƙa, kuma kowace dabara da kayan aikinta. A Dangerous, shigowarsa ma inji ne: yana tsugune a ƙarƙashin dandamali, a cillo shi sama ta wata ƙofa, ya dira ya tsaya ƙyam na wasu mintoci ba ko motsi. A ƙarshen wasa kuma sai a ga ya tashi sama da injin roka a bayansa, alhali ba shi ba ne, wani gwani ne mai suna Kinnie Gibson ake musanyawa da shi. Karkatar nan da yake yi gaba kamar zai kife, takalmi ne na musamman: dugadugin na da tsaga, wasu turaku su ɓullo daga ƙasan dandamali daidai lokacin, ya zura dugadugin ya maƙale. Har rajistar mallakar fasahar aka yi a Amurka a 1993. Turakun su makara ko ƙafa ta kuskure tsagar, faɗuwa ce.

Duk wannan kaya sai an kwance, an loda a tirela ko jirgin dakon kaya, an sake ɗaurawa a wani gari. Ga albashin makaɗa, 'yan rawa, 'yan amshi, masu fitilu da masu gadi, yana tafiya ko an yi wasa ko ba a yi ba. Shi ya sa ɗage wasa ɗaya ba ƙaramar asara ba ce, kuma shi ya sha ɗagewa. A ƙarshen 1988 maƙogwaronsa ya kumbura, aka soke wasannin garin Tacoma na Amurka, aka tura sauran na Los Angeles zuwa Janairu. Da ba don haka ba da Bad bai shiga 1989 ba. A Agustan 1993 an ɗage Bangkok saboda ƙarancin ruwa a jiki, sannan Singapore saboda matsanancin ciwon kai. Lokacin ne kuma zargin lalata da yaro ya taso. A Nuwamba ya fito ya ce ya kamu da jarabar maganin rage raɗaɗi, wanda ya danganta da aikin da aka yi masa a fatar kai bayan ƙunar da ya samu wajen ɗaukar tallar Pepsi a 1984. Aka soke sauran wasannin Dangerous, Pepsi mai ɗaukar nauyin rangadin ma ta janye.

A ganina Bad ne ya fi su inganci ta fuskar murya. A HIStory waƙoƙi da dama naɗaɗɗiyar murya ce ke tashi yana bi da baki, wanda duk ya kalli bidiyon da kyau zai gane. Jiki ya fara gaya masa gaskiya.

Malam Faifai:
Baba ka kawo ta. In ƙara da ɓangaren kuɗi, Victory ya isa misali na yadda cika fili ba shi ne riba ba. Wasa 55 a Amurka da Kanada, tikiti dala 30, amma da farko dole ka sayi huɗu, ka aika dala 120 ta gidan waya, sannan a yi ƙuri'a. Wanda bai ci ba sai ya jira makonni kafin kuɗinsa su dawo. Jama'a suka yi caa, aka sauya tsarin, Michael ya ce kasonsa sadaka ne. Dandamalin kuma don girma ya cinye kujeru masu yawa da ya kamata a sayar. Mai shirya rangadin, Chuck Sullivan, ya tafka asarar miliyoyi, abin da ya taimaka wajen sa iyalinsu sayar da ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka, New England Patriots, a 1988.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. To shi This Is It na 2009 fa, ba na huɗu ba ne?

'Yar Damagaram:
A'a Yaya, ko da an yi shi ma ba rangadi ba ne, don wuri ɗaya aka tsara: zauren O2 na Landan. Hikimar ita ce a kafa kaya sau ɗaya, masu kallo su zo, a huta da jigila. Kamfanin AEG Live ya sanar da wasa 10 a Maris, da aka ga ruguguwar neman tikiti aka mayar 50, daga Yulin 2009 zuwa Maris 2010. Mutum mai shekara 50, rabonsa da rangadi shekara 12. An ɗage buɗewa daga 8 zuwa 13 ga Yuli, ya rasu ranar 25 ga Yuni a Los Angeles ana tsakiyar atisaye. Kotu ta samu likitansa Conrad Murray da laifin kisa ba da gangan ba a 2011, kan maganin sa barci na propofol. Waɗanda suka sayi tikiti an ba su zaɓi: ko su karɓi kuɗinsu, ko a aiko musu da tikitin su ajiye.