Mujiya Ta Hana Sare Daji a Oregon: Ƙwace Ne ko Ba Ƙwace Ba?

Mai Tirela: Jama'a ku zo ku ji abin haushi. Wani dattijo da nake ɗaukar wa gungume a kudancin jihar Oregon ta Amurka, dajin nasa ne na kansa, gadon ubansa, babu hannun gwamnatin tarayya a ciki. Mujiyar nan mai ɗigo-ɗigo da doka ta kare ta yi sheƙa a wurin, shi ke nan aka ce eka 70 da ke kewaye da sheƙar kada zarto ya taɓa su. Lodi ya ragu, ni ma aljihuna ya ji a jikinsa. Wannan ai ƙwace ne ƙiri-ƙiri. Saboda mujiya fa!

Lauyar Zaure: Yaya, ka janye kalmar ƙwace. Takardar fili tana hannunsa, babu wanda ya karɓa. Ƙa'idar jiha ce ta ce a bar wurin sheƙar. Kuma tun 1995 kotun ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Sweet Home cewa lalata mazaunin dabbar da doka ta kare, har ya kai ga halaka ta, cutar da ita ne, ko da a filin mutum ne.

Mai Tirela: Ƙanwata, fili naka, haraji a kanka, amma ba ka isa ka sare ba. In ba ƙwace ba, mene ne sunansa? Aro?

Baban Yara: Ƙwace shi ne a kore ka. Wannan takurawa ce. Ko a gida ai ba a noma burtali.

Ɗan Kasuwa: Haba Baba, burtali na wa ne? Na kowa da kowa. Wannan kuwa gadon mutum ne. Misalin bai hau ba.

Baban Yara: Yaro, lokacin da nake noma ba a haife ka ba.

Ɗan Kasuwa: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma shekaru ba hujja ba ne.

Malamin Daji: Ku bari in sa baki, fannina ne. A 1990 aka sa wannan mujiya cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. A 1991 alƙali William Dwyer ya dakatar da sayar da katako a dazukan tarayya da take zaune, sannan a 1994 gwamnatin Clinton ta kawo shirin dazukan arewa maso yamma, eka kusan miliyan 24. Sara ya faɗi warwas a dajin tarayya, nauyi ya koma kan dajin jihohi da na masu zaman kansu. Amma mai fili yana da mafita. Akwai yarjejeniyar da zai ƙulla da hukumar kula da kifaye da namun daji, ya ware wani sashe, a ba shi izinin sarar saura. Jihar Washinton ta ƙulla irin wannan a 1997 kan dazukanta da kuɗinsu ke gina makarantu.

Mai Tirela: Manyan kamfanoni masu lauyoyi ne ke iya wannan. Tsoho mai ɗan daji fa? Shi ya sa wasu ke sare itatuwansu tun ba su tsufa ba, don kada mujiya ta ga wurin zama.

Malamin Daji: Nan kam ka yi gaskiya. Kuma abin da ke ƙarar da mujiya mai ɗigo-ɗigo yanzu ma 'yar'uwarta ce, mujiya mai ratsi da ta kwararo daga gabashin ƙasar, ta fi ta girma da faɗa. A 2024 hukumar ta amince a harbe har kusan 450,000 daga cikin masu ratsin a cikin shekara 30.

Hajiya Mai Abinci: Innalillahi! A kashe mujiya don a ceci mujiya? Ni dai ko wacce iri ce ba na son jin kukanta a kan rufina.

Ustaz: Hajiya a ji tsoron Allah, camfi ne wannan, kuma addini ya hana camfi da tsuntsu.

Hajiya Mai Abinci: Ustaz cewa na yi ba na so, ban ce tana kashe mutum ba. Kullum sai ka tsince ni.

Lauyar Zaure: Har yanzu dai ba a janye kalmar ba.

Ɗan Kasuwa: Ke dai duk abin da gwamnati ta yi daidai ne a wurinki. Mun san inda kike jefa ƙuri'a.

Lauyar Zaure: Kai kuma surukinka ne Mai Tirela, shi ya sa.

Mai Tirela: Ina ruwan surukuta da eka 70?

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Ga abin da na fahimta. Akasarin jama'a sun yarda an zalunci dattijon nan, kuma Malamin Daji da bakinsa ya tabbatar cewa ba masu katako ba ne matsalar mujiya. Lauya ta kawo shari'a, mun gode, amma doka daban, adalci daban. Maganar Hajiya da Ustaz su ƙarasa ta a waya.

Malamin Daji: Ranka ya daɗe, ban faɗi haka ba. Saran tsofaffin itatuwa ne ya fara karya ta, mai ratsi ta zo ta tarar.

Lauyar Zaure: Akasari? Mutum biyu ne fa, kuma gida ɗaya.

Shugaban Zaure: Na rufe. Wanda ya ƙara, zan cire shi har Juma'a.