Na kwafi fayilolina, kwanan watansu duk ya koma na jiya

Mai_Hotuna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kwashe hotunan iyalina na shekara tara zuwa sabon diski da cp -r (umarnin kwafi na Linux), na goge na asali. Yanzu kowane hoto kwanan watan jiya yake nunawa, kuma da shi nake jera su. Abin ya tsaya min a rai. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Tsohon_Injiniya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Kyamara tana rubuta ranar ɗaukar hoto a cikin hoton kansa, a bayanan EXIF, kuma kwafi ba ya taɓa su. Da exiftool, manhajar da ke karanta EXIF, na maido da nawa: exiftool "-FileModifyDate<DateTimeOriginal" sai sunan folda. Nan gaba ki yi cp -a, shi ke tafiya da lokaci da izini (wa zai iya karanta fayil ko gyara shi) da sunan mai fayil.

Ɗalibin_Linux: Ni ta wajen izini na sha wuya. Na zuba duk foldar gidana a filasha mai tsarin ajiya na FAT32, ban san tsarin nan ba ya riƙe izini ko sunan mai fayil ba. Da na dawo da kayan, SSH, da nake shiga wata kwamfuta da shi daga nesa, ya ƙi karɓar fayil ɗin makullina na sirri, wai kowa na iya karanta shi, sai da na yi chmod 600 don ya zama ni kaɗai ke iya karanta shi. Tun ranar, in dole sai irin wannan filasha, nakan ƙunshe komai a fayil ɗaya da umarnin tar tukuna, don bayanan suna zaune a cikin ƙunshin. A kula dai, FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai 4GB.

Mai_Kula_da_Saba: Shekara da shekaru na ɗauka rsync -a, umarnin da nake kwafar ajiya da shi, ya gama komai. Ashe bai haɗa da -H (fayil ɗaya mai sunaye da yawa) da -A (ACL, wato jerin waɗanda aka ba izinin shiga) da -X (ƙarin bayanan fayil) ba. Ranar da sabarmu ta mutu na maido da ajiya, fayiloli duk suna nan, amma ma'aikata sun kasa shiga foldojin da suka saba, saboda ƙa'idodin ACL ba su biyo ba. Kwana biyu ina gyarawa da hannu, mutane na jira, wallahi na ji kunyarsu. Yanzu sudo rsync -aHAX --numeric-ids nake yi; in babu sudo, wato ikon mai kula da kwamfuta, fayilolin wasu za su koma mallakarka. Kuma duk wata nakan maido da folda ɗaya in duba lokaci da izininta da umarnin stat da getfacl.

Tsohon_Injiniya: Malam, ka tuna min. A rsync, kafin a yi --delete, mai goge abin da babu shi a asali, a fara sa -n na gwaji, a ga abin da zai goge tukuna.

Mai_Hotuna: Alhamdulillah, exiftool ya yi aiki, hotuna sun koma kan jerinsu. Saura kaɗan da aka turo min ta waya, su babu EXIF a cikinsu, zan bi su da hannu. Allah Ya saka muku da alheri.