Za a tashi tsohon cocin unguwarmu da maƙabartarsa a yi shaguna, ina mafita?

Tela na Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 26 ke nan ina ɗinki a shago ɗaya a nan Garwa, kuma shagon nawa a jingine yake da katangar wani tsohon coci. Ɗan ƙarami ne, kwanonsa duk ya yi tsatsa. Ƙararrawarsu ma ƙarfen ƙafar babbar mota ce aka rataye a jikin maɗaci, in aka buga ranar Lahadi har almakashina ke motsi a kan tebur. A bayansa akwai maƙabarta. Na leƙa na ƙirga kabari 40 da 'yan kai waɗanda har yanzu ake ganewa, sauran ƙasa ta shafe.

Tun da aka yi gasar kofin Afirka a 2022, aka gyara filin wasa na Rumde Ajiya da tituna, fili ya zama zinariya a garin nan. Makon jiya wasu suka zo da abin awo da jan fenti suka shafa alama a katanga. Wai wani mai kuɗi ya sayi wurin daga hannun jikokin wanda ya ba 'yan mishan filin tun zamanin Faransawa, zai yi jerin butik. Masu cocin sun gina babba a wata unguwa, nan sai tsofaffi ke zuwa.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ita ta karɓi haihuwar ɗana na fari. Mijinta da 'ya'yanta biyu suna kwance a wurin. Jiya ta zo ta zauna a bencina, ba ta kawo ɗinki ba, ta ce, "Malam, kai kana da mutane a waya, tambaya mana." To ga shi na tambaya. Akwai hanya a doka? Kuma ni da nake Musulmi, in na sa baki na yi laifi?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai a binciko abu ɗaya: filin yana da titir fonsiye ko babu? Tun dokar filaye ta 1974, wannan takardar ce kaɗai shaidar mallaka a Kamaru. Takardar da jauro, wato mai unguwa, ya sa wa hannu ba ta kai ta ba, balle "kakanmu ne ya ba su". Yawancin tsofaffin wuraren ibada, har da masallatanmu, da baki aka bayar da filinsu, kuma nan ake cin su.

In babu titir, doka ta ba wanda ya raya wuri tun kafin 5 ga Agusta 1974 damar neman a yi masa. To wa ya raya wannan filin, jikokin ko masu cocin? Kwamitin da supirefe, wato shugaban gunduma na gwamnati, ke shugabanta ne ke zuwa ya gani da ido, da sarkin yankin a ciki. In kuma mai sayen ya riga ya shigar da takardunsa, sai shugabannin cocin su kai ƙorafi a rubuce ofishin filaye tun ba a fitar da titir ɗin ba, don bayan ta fita sai kotu, kuma ka san kotu da cin jaka. Su nemo littafin baftisma da na jana'iza, mai kwanan wata. Tone kabari ba da izinin hukuma ba laifi ne a dokar ƙasa, ko da filin naka ne.

Ɗan Kasuwar Dare:

Baba Tela, a yi mini afuwa, amma na san irin wuraren nan. Awaki, bola, da yamma kuma 'yan tiramol. Shekara nawa ba wanda ya ɗauki fartanya, sai da aka ji ƙamshin kuɗi? Mu matasa muna yawo da kaya a ka don babu shago. A kwashe ƙasusuwan cikin mutunci a kai bayan gari mana.

Hajiya daga Kusiri:

Yaro, bola ana kwashe ta da shebur a yini ɗaya. Kai za ka yarda a kwashe kakarka don a sayar da katin waya?

Malam Tela, babu laifi a kanka. Annabi (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, ga kuma haƙƙin maƙwabtaka. Mu nan tsallaken kogi muna kallon babban cocin Katolika na Njamena. Yaƙin 1980 ya cinye rufinsa, ya daɗe a haka, wasu na cewa ya gama yawo, sai ga shi an gyara an sake buɗewa a 2023. Amma gaskiyar yaron nan ɗaya ce: wurin da aka yi wa sakaci shi ake sa wa ido. Ku share, ku shafa farar ƙasa, a rubuta sunan kowane mamaci tun tsofaffin da suka san su suna da rai.

Tela na Garwa:

Na gode ƙwarai. Na je wurin mai kula da cocin bayan la'asar. Titir dai babu, Akawu ka canka. Amma ya jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ga littafin jana'iza gara ta ci gefensa, shafin farko 1958, da Faransanci. Na sa yarona ya ɗauki hoton kowane shafi da waya.

Limaminmu ya ce zai raka su wurin jauro ranar Litinin. Ɗan Kasuwar Dare, Asabar da safe za mu yi shara, ka zo da shebur, akwai kunun gyaɗa. Akawu, wasiƙar ƙorafin nan da sunan wa za a rubuta ta, fadan cocin ko bishop?