Neman kalma da murya zai riƙe masu koyon harshen Norwe da Suwidin a manhajata?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata 'yar manhajar waya da na haɗa a nan Samaru, ta koyon harshen Norwe da na Suwidin da bayanin Hausa. Manhajar koyon harsuna ta Duolingo tana da harsunan nan biyu, har da na Denmak da na Finlan, amma babu bayanin Hausa a cikinta, kuma akwai mutanenmu da suka fi ganewa idan an warware musu nahawu da harshen gida. Masu amfani da tawa yawanci ma'aikatan jinya ne daga Shika da Tudun Wada, sai waɗanda suka gama ABU suna neman digiri na biyu. Tun da Norwe ta fara karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban wajen Turai a 2023 ɗalibai suka ragu, ma'aikatan lafiya suka fi yawa.

Damuwata ita ce ba sa daɗewa. Mutum zai shigo da zafinsa, ya yi darasi kullum, kafin wata ya zagayo ka neme shi ka rasa. Na bi wasu da waya don in ji dalili, kuma magana ɗaya ta yi ta maimaituwa: suna sauraron labaran Radio Sweden på lätt svenska, wato labarai cikin sauƙaƙan harshen Suwidin, ko wani shiri na Norwe, su tsinci kalma, su zo wajen bincike a manhajar, su kasa rubuta ta. Haruffan å, ä, ö, æ da ø ma wasu ba su san inda za su same su a wayarsu ba.

Shi ne nake tunanin in saka maɓallin makirfo, mutum ya faɗi kalmar da bakinsa a nemo masa. Tambayata, wannan zai riƙe su kuwa? Kuma ta ina zan faro, ga kuɗin hannuna ba yawa?

Maman Khalil, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ma'aikaciyar jinya ce, harshen Norwe nake koyo saboda ba su ba da lasisin aiki ga wanda ya yi karatu a wajen Turai sai ya kai matakin B2 na iya harshen. Abin da mutanenka suka faɗa maka gaskiya ne, ni ma ya ci ni. Rubutun harshen nan da furucinsa ba hanya ɗaya suke bi ba. Za ka ji an ce "yai", ashe jeg ake rubutawa. Hva da hvor ba a furta h ɗinsu, det kuma t ɗin ƙarshe shiru take. Wanda ya saba da Hausa, inda abin da ka ji shi za ka rubuta, sai ya yi ta buga abin da kunnensa ya ba shi, ƙamus yana ce masa babu. Idan hakan ta faru sau da yawa a dare ɗaya, bayan ka dawo daga aikin yini a gajiye, rufe wayar kake yi. Gobe kuma ba ka da ƙarfin guiwar buɗewa.

Don haka ka saka makirfon, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Amma don Allah ka raba shi da jarrabawa. Na taɓa amfani da wata manhaja da ke sa mutum ya maimaita jimla, idan ba ta gamsu ba ta nuna ja. Akwai kalmar da na yi ta faɗa tana ƙi, yarana suna tsakar gida suna jin uwarsu tana nanata abu ɗaya. Kunya ta sa na kashe wannan ɓangaren gaba ɗaya, daga baya na goge manhajar. Lokacin da na zo neman kalma, taimako nake so. Ban zo a auna lafazina ba. Idan na faɗa a karkace, manhajar ta yi ƙoƙarin gane abin da nake nufi, ta jero min uku ko huɗu da suka yi kama, kowacce da muryar ɗan ƙasar, in saurara in ce yauwa, wannan ce na ji.

Sannan ka tuna inda muke zaune. A gidanmu akwai janareton maƙwabta, akwai injin markaɗe, akwai yara. A wajen aiki kuwa ba zan tsaya a gaban majinyata ina yi wa waya yaren Norwe ba. Kada ka cire wurin rubutu, kuma ka sa ya yarda da o a madadin ø, da a a madadin å.

Malamin Harshe, Gyallesu:

Hajiya ta faɗi abin da ya fi muhimmanci. Zan ƙara ta fuskar sauti, domin a nan ne na'urar za ta riƙa tuntuɓe da Bahaushe.

Hausa wasula biyar gare ta, kowanne da dogo da gajere. Harshen Suwidin tara gare shi a rubuce, su ma kowanne da dogo da gajere. Irin su y da ö da u nasu, waɗanda ake tsuke leɓe ana furtawa, ba mu da su sam, kuma ɗalibi zai mayar da su i ko o ko u irin namu. Ga p da v da ba mu da su: pil zai fito fil, vi zai fito bi, kuma duka huɗun kalmomi ne masu ma'ana a harshen. Na'ura ba za ta ce ba ta gane ba, za ta kawo wata kalma ce daban da cikakken tabbaci, ɗalibi ya haddace kuskure. Saboda haka, ɗana, ka zauna ka rubuta waɗannan musanye-musanyen da ka san bakinmu na yi, ka koya wa bincikenka cewa idan ya ji f ya duba p ma, idan ya ji b ya duba v. Kamfanonin waje ba za su yi mana wannan aikin ba, kai da ke zaune da masu harshen kai za ka iya.

Akwai kuma inda muka fi Bature ɗan Ingila sa'a, kuma ina so ka riƙa gaya wa ɗalibanka don su samu ƙwarin guiwa. Harshen Suwidin da na Norwe suna da karin sauti mai bambanta ma'ana. A harshen Suwidin, anden da wani kari agwagwa ce, da wani karin kuma ruhi. Yaron da ya tashi yana bambanta wuyan jiki da wuyar aiki da kunne kawai ba zai sha wahala a nan ba. Haka tsawon wasali da nanata baƙi: a harshen Finlan tuli wuta ce, tuuli iska, tulli kwastan, kuma kunnen Bahaushe yana kama wannan tun ranar farko. Na Denmak kam ban ba ka shawarar ka taɓa shi yanzu ba, sun fi kowa haɗiye baƙaƙe.

Injiniya, Sabon Gari:

Abokina, ta ɓangaren aiki ga yadda nake gani. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi amfani da mai gane magana da ke cikin Android, ka saita masa harshe. Ba za ka kashe kuɗi ba, amma a wayoyi da yawa sai da intanet yake aiki, kuma ka san yadda sabis yake idan mutum ya shiga wasu lungunan cikin birni. Hanya ta biyu ita ce Whisper, mai mayar da magana rubutu, da kamfanin OpenAI ya saki a 2022, kowa na iya ɗauka kyauta. Babban ɗakin karatu na ƙasar Norwe ya ƙara horar da shi ya fitar da NB-Whisper, na Suwidin ma ya fitar da KB-Whisper a 2025. Sun fi na asali iya harsunan nesa ba kusa ba. NB-Whisper ya ji kare-karen harshen ƙasar da yawa, abin da ke da amfani domin a Norwe kowa da karin garinsu yake magana har a rediyo, ga kuma rubutu iri biyu, Bokmål da Nynorsk. Ƙananan samfurinsu za su iya zama a cikin waya ta hanyar whisper.cpp, wata manhaja da ke sa su yi aiki a kan wayar kanta, sai dai ƙaramar waya za ta yi nauyi ta kuma sha batir. Manyan sai ka yi hayar saba, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe su a intanet, kuɗin kuma da dala ne.

Abu biyu ka kiyaye. An horar da su ne da muryoyin 'yan ƙasa suna magana a jere, don haka kalma ɗaya tilo daga bakin ɗan koyo ita ce mafi wuya gare su, babu na gaba babu na baya da za su jingina da shi. Idan hayaniya ta yi yawa ko an yi shiru ma suna iya ƙirƙiro maganar da ba a yi ba. Kada ka nuna wa ɗalibi abin da suka rubuta kai tsaye. Ka ɗauke shi ka gwada da jerin kalmomin da ke cikin darussanka, ka fito da mafi kusa, kamar yadda Hajiya ta nema. Na biyu, murya bayanin mutum ce. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ka. Idan za ka adana muryoyinsu don gyara manhajar, ka nemi izini a fili da Hausa.

Batun ko zai riƙe su kuwa, kada ka yarda da zato, ko da nawa ne. Ka ba rabin sababbin shigowa maɓallin, rabi ka bar su yadda suke, bayan wata guda ka duba su waye suka fi dawowa. Kuma duk kalmar da mutum ya nema da murya ka ajiye masa ita, ta dawo masa a bitar gobe da ta mako mai zuwa. A ganina wannan ne zai sa ya sake buɗe manhajar, domin kalmominsa ne da ya tsinto da kansa.

Bazazzagi a Trondheim:

Ni ban cika yarda makirfo ne maganin ba. A nan garin æ suke cewa maimakon jeg, kuma ba wata manhaja da ta shirya ni don haka, mutane ne suka koya min. Waɗanda na sani da suka jure har suka ci jarrabawa, suna da wanda ke jiran su ne duk mako. Ka haɗa ɗalibanka a WhatsApp, ranar Asabar kowa ya turo saƙon murya na minti ɗaya. Ni na ɗauki nauyin saurare da gyara wa masu koyon na Norwe, in Allah ya yarda.

Ɗan Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da na Android a harshen Norwe kaɗai, ba maki ba jan launi, in yi gwajin rabi da rabi da Injiniya ya faɗa. Malam, idan ba damuwa zan zo Gyallesu ranar Lahadi bayan la'asar mu rubuta jerin sautukan nan tare. Yaya na Trondheim, na riƙe alkawarinka, zan buɗe zauren a wannan makon. Anti Maman Khalil, za ki yarda ki fara gwada maɓallin a gida, da hayaniyar da komai, kafin in sake shi ga sauran?